Motar Da Na Yi Wa Habsu Alkawari

Shekarata ta farko a Abijan da hanci na san garin, ba da ido ba. Warin man da ya daɗe a wuta, ƙarnin kifin teku, da tsamin kwata bayan ruwan sama. Alhaji Nomau, mai masaukin mutanen Adar a unguwar Abobo, shi ya karɓe ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan bayan Karofane ne kai? To ka saba da tsayuwa a rana. Gobe ka kama kasko."

Washegari ya kai ni rumfar garba. Garba shi ne abincin talakan Abijan: garin rogo ne da ake turarawa kamar dambu, a ɗora masa soyayyen kifi, a watsa barkono da albasa. Mutanenmu ne ke sayar da shi a ko'ina cikin garin. Aikina suya da yankan albasa. Albasar kuwa ta gida ce, jar nan ta fadamunmu, da manyan motoci ke saukewa a kasuwa. In na kwance bakin buhu, wani lokaci sai in tarar da ƙasar Madawa a manne jikinta. Abokan aikina suna ganin hawayena su ce zafin albasa ne, ni ma in bar su a haka.

Abin da ya fi damuna ba wahalar ba ce. Yayana Hamidu ne. Shi ne babba, shi ya kamata ya fito nema. Amma da mahaifinmu ya rasu, dole ɗayanmu ya zauna da Inna da gonaki, sai ya ce, "Kai ka tahi, Isuhu. Kai kay yi karatun lakwal, kana jin Faransanci. Ni in na je can, kurma zan zama." Ya faɗi haka yana dariya, ya koma kan hauyarsa. Duk ranar da na ci shinkafa da kifi na ƙoshi, sai in tuna shi can yana shan fura ba nono.

A rumfar nan na san Madam Akisi. Ita ke kawo mana kifi daga tashar jiragen ruwa, mace ce mai jiki da murya, kirista, ba ta jin Hausa sai "sannu". Wata safiya direbanta bai zo ba, ta tsaya tana faɗa da iska. Ni kuwa na taɓa yin karen mota tsakanin Madawa da Ƙonni, na iya tuƙi, ina da lasin. Na wanke hannu na ce zan kai ta. Ta hau tana addu'a a bayyane. Da muka dawo lafiya ta ce da Alhaji Nomau, "Wannan na ɗauke shi, nemi wani mai albasa."

Na yi shekaru ina tuƙa mata. In lokacin salla ya yi, ita ke tuna mini, ta ce, "Tsaya ka gai da Allahnka, kifi ba ya gudu." Da azumi takan ajiye mini abinci mai zafi a kwano rufe, ta hana kowa taɓawa. Motar da nake tuƙawa bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufawa da tamfol, fara, ta saye ta sabuwa a kamfanin da ke sayar da irinta a Abijan. Na san motar kamar yadda na san jikina. Da Madam ta sayi babbar mota mai sanyi, sai ta kira ni ta ce, "Tsohuwar nan ba zan ba baƙo ita ba. Kawo abin da ka tara, ka tafi da ita ƙasarku."

Ranar na kira gida. Ban gama yi wa Hamidu bayani ba matarsa Habsu ta karɓe wayar. Ƴar Keita ce, tsakaninmu akwai wasan ƙanen miji, ba ta taɓa raga mini ba.

"Isuhu, mota ta gaske? Mai taya huɗu? Ko dai irin ta kara da yara ke ja?"

"Ta gaske. Ke za ki fara shiga gaba."

"Ni ba ni shiga motar da ke warin kihi."

Da Hamidu ya karɓi wayar, na ji ya matsa nesa da mutane, ya rage murya. Ya ce Habsu na da ciki, ya tsufa. Haihuwarta ta baya sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinyar. Ungozomar asibitin Karofane ta gargaɗe su: wannan karon kada ta kuskura ta haihu a gida, babban asibitin Madawa za ta je, kuma ya fi kyau ta tafi can tun da wuri ta zauna ta jira. Tana da goggo a Madawa. Sai dai damina ta kawo kai, Inna ba ta iya daka, ba mai kai wa manoma abinci, ga yara biyu.

Na ce, "Yaya, kada ka tashe ta. Kafin ruwa ya zauna ina gida. Mota za ta riƙa kwana ƙofar gida, duk sa'ar da abin ya taso ni zan kai ta da hannuna."

Ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Na ji nauyi ya sauka daga muryarsa. Karo na farko ke nan tun fitowata da na ji na yi masa wani abu.

Na gama takardun fitar da mota, na sayi tsaraba, na ɗaure kaya. Saura in yi sallama da mutane sai Madam Akisi ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba, ta ce, "Zo da motar yanzu."

Kamfani ne ya neme ta, tunda sunanta ne a wurinsu. Ita da kanta ta raka ni. Wani mutum mai farar riga ya zaunar da mu, ya ɗauko wata sandar ƙarfe da ta kai tsawon hannu ya ajiye a kan tebur. Ya ce ita ce ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Masu ƙera motar sun gano cewa a cikin waɗanda aka yi a shekarar da aka yi tawa, akwai waɗanda ƙarfen sandar bai dahu daidai ba. Yana iya tsagewa daga ciki, musamman a hanya mai duwatsu in an yi lodi. Ranar da ta karye ba ta ba da sanarwa: sitiyari zai riƙa juyawa a hannunka, tayoyi kuma su tafi inda suka ga dama. Don haka suke kiran duk masu irin motar su kawo a canza musu, kyauta.

Na ce, "To a canza yau."

Ya ce sandunan da suka zo sun ƙare, motocin suna da yawa. Wasu na hanya a jirgin ruwa. "Sati mai zuwa," in ji shi.

"Tawa tana cikin masu lahanin?"

Ya buɗe hannuwa. "Ba mu sani ba. Yawancinsu har su tsufa ba za su karye ba. Amma ba wanda ya san wacce za ta karye."

Na tambaya ko za a iya yi mini a Yamai. Ya ce can wani dillali ne daban, sai sun yi odar tasu daga farko, kuma hanyar da zan bi in kai can ita ce abin da ake gudu.

Da yamma na kai maganar rumfar Alhaji Nomau, inda mutanenmu ke taruwa shan shayi. Nan take aka rabu. Wani ya ce nasara, wato bature, bai taɓa ba da abu kyauta ba, za su cire mai kyau ne su sa maras kyau. Wani ya ce in da gaske ne da tuni an ji motocin na faɗuwa. Alhaji ya bari suka gama, sannan ya ce, "Motar ga shekara nawa tana ɗaukar kihi cikin ramukkan Abobo? Ta karye? Ɗana, an yi maka kiran gida, tahi. Mai tsarewa Allah ne." Maganarsa ta yi mini daɗi ƙwarai, don ita nake son ji. Amma da na fito na ɗora hannu kan sitiyari, sai na ji kamar na taɓa abin da ba a san ko yana da rai ba.

Sati ya zo ya wuce, jirgi bai iso ba. A nan ne aka haɗa ni da Sallau, wani makaniki ɗan ƙasarmu da ke kasuwar kayan mota ta Ajame. Hausarsa irin tamu ce, har ya ce ya san kawuna a kasuwar Bangi. Ya ce, "Wagga sanda? Ina da sabuwa dal, daga Dubai. Bar mini motar, gobe ka zo." Na biya shi ban yi ciniki ba. Washegari na leƙa ƙarƙashin mota na ga sanda baƙa wul tana sheƙi. Na rungume shi. Na aika wa Hamidu saƙon murya na ce jibi ina hanya.

Da safe na kai motar wanki. Na sunkuya ina goge laka, na kama sandar da hannu, sai tafina ya fito baƙi. Na kankare da farce. Ga tsohon tabon nan da dutse ya yi mata wata rana a hanyar Dabu, ni na san shi. Sandata ce, fenti aka shafa mata.

Na koma Ajame wurin Sallau. Sallau na cin gyaɗa, ko tashi bai yi ba.

"Na duba ta, lahiyarta lau," ya ce. "Na shafa mata fenti don hankalinka shi kwanta. Ba shi kaz zo nema ba?"

Na ɗaga murya, mutane suka taru, aka ba ni haƙuri, aka ce mu ƴan ƙasa ɗaya ne kada mu ba da kunya a gaban baƙi. Ban sami komai ba. Abin da ya fi cin raina shi ne gaskiyar da ke bakin ɓarawon. Da ban kai motar wanki ba, da na kama hanya da farin ciki.

Daga nan gidan Madam Akisi na nufa, ban san dalili ba. Ta ga fuskata ta sa aka kawo mini ruwa. Na gaya mata duka, har maganar Habsu, wadda ban taɓa faɗa mata ba. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Wace irin hanya ce a ƙasarku?"

Na ba ta labarin hanyar Buza zuwa Keita, yadda take hawa kan dutse ta sauko a karkace, rami a gefe guda. Na gaya mata yadda ake lodin bashe ranar kasuwa: buhunan albasa a ƙasa, mutane a kansu, mata da goyo, tsofaffi, awaki ɗaure a gefe. Da irin wannan lodi na yi niyyar ci da gidanmu. Ina faɗa ina ganin fuskokinsu, don duk na san su.

Ta ce, "Ni na sayar maka da motar nan, ɗana. Ba zan ce ka zauna ba, ba zan ce ka tafi ba. Amma in ta zubar da mutanenku a ramin nan, ni ma ina ciki. In ka tsaya, aikinka na nan har sandar ta zo."

Na fita bakin titi na kira Hamidu. Yana gona, ina jin iska a wayar. Na yi masa bayani dalla-dalla, na gaya masa abin da Sallau ya yi mini, na ce tafiyar da na sa wa rana babu ita.

"To mi kake so in ce?"

"Ka ce in taho ko in jira."

"Ni ban san ƙarhe ba, Isuhu. Gero nis sani. Kai kas san motarka."

Na so ya yi mini tsawa, ya ce in taho yanzu, don in ɗora masa nauyin. Bai yi ba. Na rufe ido na ce, "Zan jira, Yaya. Amma ku kai Habsu Madawa wurin goggonta."

"Yaushe anka ce ƙarhen na zuwa?"

"Sati mai zuwa."

"In sati guda ne ba sai an tashe ta ba. Da sauran lokaci, ungozoma ta ce sai wata mai kamawa. Bari mu gama noman farko."

Abin da aka gaya mini na gaya masa, ban ƙara ba ban rage ba. Amma mutumin kamfani in ya ce sati mai zuwa, magana ce ta ofis, kowa ya san yadda ake jinta. Da ta fito daga bakina ta shiga kunnen Hamidu, sai ta zama alkawarin ƙane ga wansa. Kowace Litinin ina zuwa kamfani, a ce jirgi ya tsaya a wata tasha, ko kaya na hannun duwan, wato ƴan kwastan. Kowace Litinin in kira gida in maimaita. Habsu takan karɓi wayar ta ce, "Mai mota, ko ka sai da ta ka ci kihi?" In yi dariya, in ce ta haɗa kayanta ta tafi Madawa. Ta ce, "Wa za shi dafa wa Inna? Kai dai taho."

Akwai ranar da na cika tanki, na ɗora kayana, na fita har bayan gari. A wani gangare na taka rami, sitiyari ya girgiza a hannuna kamar yadda kowace mota ke yi. Na tsaya gefen hanya. Na daɗe zaune, sannan na juya.

Wata Alhamis da rana ina tashar jiragen ruwa ana loda kifi, na kira Hamidu wayarsa a kashe. Na sake kira da la'asar, haka. Sai washegari ya kira ni da kansa, da lambar da ban sani ba. Muryarsa a daidai take, kamar mai karanta abin da wani ya rubuta.

Naƙuda ta zo kafin lokaci. An kwana ana ruwa, hanyar ƙauyenmu ta zama taɓo. Mai babur ya zo, amma Habsu ba ta iya zama. Suka shimfiɗa katifa a amalanken shanu, Hamidu na jan shanun, mata biyu na riƙe da ita. Tafiyar da mota ke yi kafin shayi ya huce, suka yi rabin yini suna yinta. Daga Karofane motar asibiti ta kwashe ta zuwa Madawa. Aka yi mata aiki. Namiji ne, bai zo da rai ba. Ita ta zubar da jini sosai, an ɗebi na Hamidu an ƙara mata. Tana raye.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Haka Allah ya so. Wayar mutane ce, sai an jima."

Na zauna a kan kwandon kifi. Wani lebura ɗan Gana da ban taɓa magana da shi ba ya zo ya tsaya kusa da ni, ya cire hularsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya kare ni daga masu turo amalanke har na iya miƙewa.

Sandar ta iso a satin da ya biyo. Na kai motar da sassafe, na ƙi zama a ɗakin jira mai sanyi, na tsaya bakin ramin da makanikin ke aiki. Aikin bai ɗauki komai ba, kafin azahar ya gama. Da ya fito da tsohuwar na ce ya ba ni in gani. Ya goge fentin Sallau da fetur, ya juya ta a hasken rana, ya bi ta da yatsa daga wannan kai zuwa wancan.

Na ce, "Ta tsage?"

"Ban ga komai ba," ya ce. "Amma ido ba ya ganin na ciki. Mayar da su muke yi can inda aka ƙera, su ke da na'urar dubawa."

"Za su gaya mini abin da suka gani?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar wata. Ya jefa ta cikin akwati tare da sauran.

Madam Akisi ta cika mini bayan mota da busasshen kifi da sabulu da zannuwa biyu, ta ce na Habsu ne. Ta kama kaina da hannu biyu ta yi mini addu'a da yarensu. Alhaji Nomau ya raka ni bakin titi, bai ce ai na gaya maka ba, ya ce dai in gai da gida.

Lokacin hanyar Burkina ba ta lalace kamar yanzu ba. Yamusukuro, Buwake, Ferke. A kan iyaka ƴan duwan suka riƙe ni wuni guda kan wani hatimi, ban yi musu gardama ba, na ga kamar hakkina ne a tsare ni. A Bobo wata tsohuwa mai sayar da koko ta ga na zauna ban taɓa kwanon ba, ta ƙara sukari ta tura mini shi gabana, ta tsaya a kaina har na shanye. Wagadugu, Fada, Yamai. Sitiyarin nan kuwa laushi kamar man shanu, ko gargada ba ya ji. Duk ramin da na taka sai in tambayi kaina: da tsohuwar ce, a nan za ta karye? In wuce, in ce a'a, da ta wuce nan ma. Haka na yi ta yi har Doso, har Dogon Dutsi, har Ƙonni. Da na fara ganin rumbunan albasa a bakin hanya, sai na rage gudu. Shekaru ina mafarkin wannan wuri, ga shi na iso ina jan ƙafa.

Ban je gida ba, asibitin Madawa na wuce. Na tarar da Hamidu a ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, tare da sauran masu jinya, yana wanke kwano. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe. Ya ɗago ya gan ni, ya ga motar a bayana. Na durƙusa na kama hannunsa.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ka sha hanya. Ka ci abinci?"

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa ƙofarta, ya ce, "Tana da kyau." Ya ce na zo a daidai, yau za a sallame ta, dama yana tunanin yadda za su koma.

Habsu ta fito tana takawa a hankali, goggonta na riƙe da ita, hannunta ɗaya a kan mara. Na shirya maganganu tun daga Buwake, duk suka gudu. Na gaishe ta, ta amsa, ba ta ɗaga ido ba. Ba ta ce komai game da warin kifi ba, ko da yake motar na yinsa. Muka sa mata matashi a gaba, ta zauna tsakiya, Hamidu a bakin ƙofa.

Muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore. Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ina kauce wa kowane dutse. Bayan mun wuce Karofane muka shiga hanyar ƙauyenmu, na ga sawun amalanke ya bushe a cikin laka, zurfi biyu a jere, da sawun shanu a tsakiya. Ban san ko nasu ba ne. Na ga kuma cewa motata za ta iya wucewa nan ko da ruwa, don ta sha wuce inda ya fi shi.

A nan Hamidu ya yi gyaran murya. Yana kallon gaba, ya ce, "Ƙarhen da sunka cire. Ya tsage?"

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni. In na ce e, zai ce Allah ya kiyaye, ya gaya wa Inna, gari duka ya ce Isuhu ya yi hankali. Ba wanda zai taɓa zuwa Abijan ya duba. Na ji kalmar a kan harshena. Sai na tuna Sallau da gwangwanin fentinsa.

Na ce, "Ba a ga tsaga ba, Yaya. An ce tana iya kasancewa a ciki, amma ba a gani ba. Ba kuma za a taɓa gaya mini ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya fuskarsa wajen taga, ya daɗe a haka. Na ga kafaɗarsa tana motsi. Tunda nake ban taɓa ganin Hamidu ya yi kuka ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu. Na tsayar da motar a gefen wata gona, na kashe ta. Muka zauna mu uku, ba abin da ake ji sai tsuntsaye da ƙarar injin yana hucewa.

Habsu ce ta yi magana. Muryarta ta dushe, sai da na matso na ji.

"Isuhu, zuciyata ta ba ni za ka koya wa wani tuƙi ka bar mashi motar ka koma."

Haka na yi niyya tun a hanya. Na ga ba zan iya zama ina haɗa ido da su kullum ba. Na ce, "Madam ta ce aikina na nan."

"Mariyama matar Sule wata mai zuwa za ta haihu. Ita tar riƙe kaina cikin amalanke, da cikinta da komi. Bayanta akwai ɗiyar liman, haihuwar fari." Ta numfasa, ta gyara hannunta a kan ɗinkin. Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko tun fitowarta. "Ni ban ce ka yi laihi ba, ban ce ba ka yi ba. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma kunyata ba za ta kore ka ka bar su da amalanken shanu ba."

Na ce, "Ba ni komawa."

"To tada mota," ta ce. "Yara na jira na."